Baƙon Sufrar Alhaji Hamid

Ranar da Suhaila ta fara ganin Sharfuddeen, kunya ta fara ji kafin so ya biyo baya.

Cikin watan azumi ne, bayan la'asar. Mahaifinta, Alhaji Hamid Ɗanmusa, yana da sufra a Masallacin Annabi, wato shimfiɗar buɗa-baki da ya gada daga nasa mahaifin. Dabino ake jerawa, da nono, da garin dugga na kayan ƙamshi da ake dangwalawa, da burodin shurek mai riɗi a ka. Direban da ke ɗauko burodin ya kwanta ciwo, sai ita ta ja mota daga Ƙuba zuwa Harra ta Gabas, tsohuwar unguwarsu, inda wani dattijo Ba'indiye mai suna Abdurra'uf ke gasa musu shurek tun ba a haife ta ba.

A bakin gidan burodin ta tarar da wani saurayi, gari har gira, yana jera tire. Ba ta ko tsaya dubansa da kyau ba, ta yi masa irin karyayyen Larabcin da 'yan gari ke yi wa ma'aikata baƙi, har da kiran "sadik", wato aboki, da ake yi wa kowannensu.

"Sadik, fi shurek hagg Hamid Ɗanmusa? Sur'a, sur'a."

Saurayin ya goge hannunsa a hankali, ya yi murmushi, ya amsa mata da Hausa tas, irin ta tsofaffin Katsinawa.

"Sannu da zuwa, jikar Hajiya Rabi. Ya ƙafar tsohuwa? Har yanzu tana faɗa da matakalar bene?"

Da ƙasa za ta tsage, da Suhaila ta shige. Ita da ake kira Bahaushiya, tana jin Hausa sarai, amma in ta zo mayarwa Larabci ke riga ta fitowa. Ta yi ta lalube, da ƙyar ta haɗa, "Lafiya lau, alhamdu lillah. Kai... a ina ka koya?"

"A lungun bayan nan aka haife ni," in ji shi. "Ina ƙarami mahaifiyata ta rasu, tsofaffin lungun suka haɗu suka raine ni da tuwo da faɗa. Kakarki ta fi kowa faɗan."

Ya kai mata burodin har mota. Washegari direba ya warke sumul, amma Suhaila ta ce a bar shi ya ƙara hutawa.

Da ta ba Hajiya Rabi labari, tsohuwar ta tafa hannu. "Sharfu ɗan Indiya? Yaron da ke suɗe tukunyar miyar kuka? Ashe ya dawo." Daga bakinta Suhaila ta ji sauran. Ya tafi Kalikut, garin iyayensa, ya karanci injiniyan lantarki, ya dawo da takardarsa. Duk inda ya nemi aiki, katinsa ake fara tambaya kafin karatunsa. Katin kuwa ikama ce, izinin zaman baƙo, duk da a Madina ya fara numfashi. Da ya gaji, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu ya tsaya kusa da ubansa a bakin tanderu.

Lambar wayar da ake odar burodi ita ta zama hanya. Da farko lissafin tire ake yi, daga baya tire ya zama hujja kawai.

"Ajwata, yau na ƙona tire guda saboda tunaninki. Baba ya tambaye ni ko azumi ne ya kama ni. Na yi shiru, don mai azumi ba ya ƙarya."

Ajwa ita ce dabinon da Madina ta fi ji da shi, baƙa mai taushi. Suhaila ta karanta saƙon ta sake karantawa, sannan ta rubuta da Hausarta mai ɗingishi:

"Sadik, ka bar ƙona burodin mutane. In Abuya ya canza gidan burodi, da me zan fake in zo?"

Sunan nan da ta fara raina shi da shi, shi ta riƙe. Ya ce a bakin kowa yana masa ciwo, a bakinta kaɗai yake masa daɗi.

Suhaila ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a unguwar Jurf, kuma ta san yadda garin ke auna mutane. Ba'indiye in likita ne, "duktur" ake ce masa, a miƙe masa tsaye. In mai shara ne ko mai burodi, sunansa "sadik" har ya tsufa. Ita kanta, da katin 'yar ƙasa a jakarta, ta sha jin mara lafiya na tambayar ina ma'aikaciyar gaskiya take, don ya ga fatarta. Wata rana ta gaya wa Sharfuddeen haka a waya.

"To ai mun dace," in ji shi. "Ke kina da kati ba a yarda da fuskarki ba, ni ko katin ma babu."

"Ba abin dariya ba ne, Sadik."

"Na sani, Ajwata. In ban yi dariya ba me zan yi?"

Bayan aikin Hajji ya shirya zuwa gaban mahaifinta. Ya nemi ubansa ya raka shi, dattijon ya girgiza kai, ya ce babu mai tsaya masa a tanderu, kuma in an ga fuska sai ya je da kansa. Sai Malam Zakiru, limamin lungunsu, ya raka shi.

Alhaji Hamid ba mugu ba ne. Ya karɓe su da gahawa da dabino, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye kofinsa.

"Ya waladi, ban ji aibu a addininka ba, kuma mahaifiyata ta yabe ka. Amma ikamarka a hannun wa take? Kafilin ubanka, ɗan ƙasar da ke ɗauke da nauyin zamanku. In gobe ya ce ya gaji fa? Auren 'yar ƙasa da baƙo sai hukuma ta ba da izini, ka sani. A ce an bayar. 'Ya'yan da za ku haifa, 'yan ina ne?" Ya gyara zama. "Mahaifina daga Katsina ya tako da ƙafa. Ya yi shekaru yana ɗiban ruwa a garin nan kafin ya samu jinsiyya, ya zama ɗan ƙasa. Ba zan ɗauki jikokinsa in mai da su layin sabunta ikama ba."

Da nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma ya ƙara da cewa, "Kuma ka yi mini afuwa. Na ga da yawa masu cewa yarinya suke so, ashe inuwar katinta suke nema."

Sharfuddeen ya ɗauki kofinsa. Ya shanye gahawarsa, ya yi godiya, ya fita.

A lokacin ne maganar Muhsin ta taso. Shi jikan Musulmin Sin ne da suka zo aikin Hajji tun zamanin da, suka zauna, suka samu zama 'yan ƙasa. Gidansu na da shagunan darduma da carbi kusa da Harami, kaya na zuwa musu daga Sin kwantena-kwantena, kuma tun da kamfanonin ƙasar suka yawaita a nan, har tafinta ake neman Muhsin ya yi. Mutum ne mai kunya da ladabi, babu abin da za a kushe shi da shi. Alhaji Hamid bai tilasta wa kowa ba, amma kullum a kan abinci sai ya sako sunansa.

"Ga su Muhsin, su ma baƙi ne a da. Dubi inda suka kai."

Hajiya Rabi ta tura goro gefen kunci. "Hamidu, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kakan Muhsin da ubanka sun tarar da ƙofa buɗe, suka shiga. Uban Sharfu ya zo an rufe. In akwai wani bambanci bayan wannan, gaya mini, ni ban gan shi ba."

"Yumma, ni ba ni na rufe ba."

"Ba kai ba ne. Amma ka ji daɗin jingina da ita."

Labari ba ya kwana a Madina. Direban gidan ya je ɗaukar burodi, ya faɗa a bakin tanderu cewa matan gidan su Muhsin sun kai ziyara Ƙuba da farantan alawa. A makon ne kuma kafilin ya sanar da Abdurra'uf cewa ya sayar da ginin, za a rushe. Dattijon ya tsufa, babu mai ɗaukar nauyin ikamarsa, kuma ta ɗansa a kan gidan burodin take. Bayan azumi mai zuwa, sai fita ta ƙarshe daga ƙasar, su biyun.

Saƙon da ya shigo wayar Suhaila gajere ne.

"Suhaila, mahaifinki ya yi gaskiya a abu ɗaya: ba ni da ƙasar da zan ajiye ki a kai. Na ji zancen Muhsin. Na san shi, mutumin kirki ne. Kada ki jira ni. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ba Ajwata, ba komai. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Haka kawai? Ko tambayata ba za ka yi ba?" Saƙon ya nuna an karanta, amsa ba ta zo ba. Ita ba ta san zancen rushe gini ba, sai ta ɗauka maganar mahaifinta ce ta tabbata: ya ga katin ba zai samu ba, ya kama gabansa. Wannan tunanin ya fi rabuwar kanta ci mata rai. Ta rame, ta daina hira, ta koma karɓar aikin kowa a asibiti don kada ta zauna gida.

Duk da haka, da aka ba Muhsin dama ya zo gaisuwa, ba ta ɓoye masa ba. Ta ce zuciyarta na wani wuri, ko da wurin ya zama kango. Muhsin ya ɗago ya dube ta.

"Sharfuddeen ne, ko? Tare muka yi firamare. Shi ke zuwa na ɗaya, ni ina can baya." Ya miƙe. "Na gode da kika gaya mini. Ba zan sake dawowa da wannan maganar ba."

Haka aka shiga sanyi aka fita, azumi ya sake zagayowa. An riga an kashe tanderun Harra ta Gabas, Alhaji Hamid ya koma sayen shurek a wani babban gidan burodi na inji.

Al'adar masu sufra a Madina ita ce su fita farautar baƙi. In magariba ta kusa, mai sufra kan tsaya a hanya, ya kamo hannun duk wanda ya ga alamar baƙo ne, ya roƙe shi don Allah ya zo ya sha ruwa a shimfiɗarsa. Alhaji Hamid gwani ne a nan, har maƙwabtansa na masa tsiya cewa yana musu ƙwace.

Wata rana ya hango wani tsoho Ba'indiye cikin farar riga sabuwa, yana tafe a hankali yana ɗaga kai yana kallon manyan lemomin harabar, yadda sabon zuwa ke yi. Nan da nan ya tare shi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Tafaddal ya Hajji, baƙon Manzon Allah. Wallahi yau a wurina za ka sha ruwa."

Ya zaunar da shi a gefensa, ya tura masa dabino da nono, ya karya masa shurek da kansa. Sannan ya shiga yi masa karyayyen Larabci da nuni da hannu: daga Indiya? Zuwan farko? Madina ta yi daɗi?

Tsohon ya juya burodin a hannunsa, ya danna shi da babban yatsa, ya duba cikinsa. Ya amsa da Larabcin Madina mai kyau.

"An yi wa ƙullun gaggawa, bai gama tashi ba. Amma ba laifi." Ya ɗago. "Ya Abu Suhaila, ni ne Abdurra'uf, mai tanderu."

Hannun Alhaji Hamid ya tsaya a kan butar gahawa.

"Zuwan farko ne, ka yi gaskiya," in ji tsohon, babu ko ɗigon gori a muryarsa. "Tun ina saurayi nake gasa burodin sufrorin nan, tun zamanin mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa. Lokacin da kuke shimfiɗawa, ni ina bakin wuta. Ban taɓa ganin inda burodin ke zuwa ba. Bana da aka rufe, na ce bari in zo in gani kafin mu tafi."

"Ku tafi ina?"

"Gida, wai. Bayan Salla." Ya juya kansa wajen katangar Baƙi'a, maƙabartar da ke gabas da masallacin. "Uwar Sharfuddeen na can ciki. Na so a ce kusa da ita zan kwanta. Allah bai nufa ba."

Aka kira salla. Alhaji Hamid ya kai dabino baki. Mutumin da ya ci burodin hannunsa fiye da rabin rayuwarsa, yau ya kamo shi a matsayin baƙo, ya tambaye shi ko Madina ta yi daɗi. Ya tuna cewa ko sau ɗaya bai taɓa kiransa da sunansa ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda babba ke ji ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Da ya koma gida ya tarar da Suhaila tana shafa wa kakarta man zafi a gwiwa. Ya tsaya bakin ƙofa.

"Ya binti, kin san za su tafi?"

"Su wa, Abuya?"

Ya gaya musu komai, bai rage ba, har da tambayar da ya yi wa tsohon. Suhaila ta saki kwalbar man. Sai yanzu ta gane ma'anar saƙon nan. Wanda ke neman inuwar kati, ai lokacin da rufi ya yaye masa ne zai ƙara manne mata. Shi kuwa lokacin ne ya sake ta.

Hajiya Rabi ta ce, "Ka kamo hannun uban a masallaci. Saura ɗan."

Washegari Alhaji Hamid ya je Harra ta Gabas da ƙafarsa, ya zauna a ɗakinsu tsakanin kwalaye da aka fara ɗaurewa. Ya nemi gafarar Sharfuddeen a gaban ubansa, ya ce ya ba shi Suhaila in har yana so. Tsoron da yake ji game da jikokinsa bai tafi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce kawai ya gwammace ya ji tsoron tare da su.

Amma yardar uba daban, izinin hukuma daban. Aka shigar da nema, aka ce a jira. Ranar fita kuwa ba ta jira kowa ba. Bayan Salla Abdurra'uf ya je ya tsaya a Baƙi'a ya yi sallama da matarsa, a wurin da yake kyautata zaton nan ne, tun da kaburburan ba su da suna. Alhaji Hamid ne ya kai su filin jirgi.

Daga Kalikut saƙonni suka ci gaba.

"Ajwata, ruwa ake yi ba dare ba rana. Yaran unguwa na kirana Balarabe. A can ni Ba'indiye ne, a nan Balarabe. Baba ba ya cin abinci sosai. Kullum sai ya tambaye ni ko an kira salla a Harami."

"Sadik, ka yi haƙuri. Abuya ya sake zuwa ofishin, sun ce ana dubawa. Sitti Rabi ta ce in gaya maka ta ajiye maka kuka da daddawa. Ni ban ajiye komai ba sai kaina."

Cikin daminar can saƙon da take tsoro ya zo.

"Baba ya rasu da safiyar nan. Mun binne shi a bayan masallacin ƙauyensu, ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Kafin ya cika ya ce in gaishe da Abu Suhaila, in ce ya gode da shan ruwa."

Da Suhaila ta karanta wa mahaifinta, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ba a gan shi ba sai da aka kira azahar.

Izinin ya fito bayan kowa ya gaji da tambaya. Sharfuddeen ya dawo shi kaɗai, da jaka ɗaya, ya rame har Hajiya Rabi ta yi ƙwalla da ta gan shi. Muhsin ne ya yi masa hanyar aiki a wani kamfanin lantarki da ke hulɗa da gidansu, bai kuma bari an yi masa doguwar godiya ba.

A cikin Sha'aban aka ɗaura aure a falon gidan Ƙuba, Malam Zakiru ya tsaya a matsayin uban ango. Ba a yi taro mai yawa ba. Tsofaffin matan Harra ta Gabas da suka rage suka zo da sandunansu, suka ce su ne dangin miji, kuma babu wanda ya isa ya musa.

Da aka bar su su biyu, Suhaila ta dube shi ta ce, "Ka sake yanke hukunci ba ka tambaye ni ba, ka gani."

"Na tuba, Ajwata."

"Ba ka da ƙasar da za ka ajiye ni, ko? To ni ce zan ajiye ka."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye, ta bar shi ya yi abinsa.

Ranar farko ta azumi, Sharfuddeen ya bi surukinsa Harami. Da aka gama shimfiɗa ya nemi gefe cikin baƙi zai zauna. Alhaji Hamid ya kamo hannunsa da hannu biyu, yadda ya taɓa kamo na ubansa, ya tashe shi tsaye.

"Nan wurin baƙi ne, ya waladi. 'Yan gida ba sa zama sai kowa ya samu." Ya ɗora masa kwandon shurek a hannu. "Raba. In ka gama, ka fita ka kamo mana mutane."

Sharfuddeen ya bi layin yana ajiye burodi gaban kowa, Baturke da Banufe da mutumin Bangladash. Da ya zo daidai inda aka nuna masa ubansa ya zauna bara, ya ɗan tsaya, sannan ya ajiye ya wuce.

A gida kuwa Hajiya Rabi ta sa Suhaila a gaba, ta ɗaga hannuwanta kafin ta kai dabino baki.

"Allah Ya ji ƙan mai tanderu, Ya haɗa shi da matarsa inda ba a tambayar kati. Ku kuma Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka, Ya buɗe musu ƙofar da aka rufe wa kakansu."

Suhaila ta shafa, ta ce amin da Hausa, kuma wannan karon ba ta yi lalube ba.